Madatsar Bontanga: an gina don shinkafa, kifi ya zo da kansa

Kasalgu, a gefen birnin Tamale, ba garin masunta ba ne, kuma ƙasar Dagomba ba ta yi suna da sana'ar su kamar Kabi ko Yawuri ba. Mutanen nan manoman doya ne da dawa da gyaɗa. Damina ɗaya suke gani a shekara, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sannan rani ya ƙafar da yawancin rafuka. Duk da haka ɗanyen kifi na shiga kasuwannin Tamale ko a tsakiyar bazara, wani kasonsa daga madatsun da ke kewaye da birnin: Golinga ta wajen Tolon, Libga ta wajen Savelugu, da babbarsu Bontanga a gundumar Kumbungu, kimanin kilomita 34 arewa maso yamma da Tamale. A ganina sana'ar su a madatsun nan jiya-jiya aka haife ta, kuma ruwa kawai ta gada, ba ta gaji ƙa'idar da ke tsare kifi a dā ba.

Kafin madatsu, su a ƙauyukan arewacin Gana aikin rani ne, kuma na gayya. Idan Farin Kogin Volta ya cika ya batse, kifi ya bi ruwa ya shiga fadamu ya yi ƙwai, ruwa ya janye ya bar tafkuna. A wurare da dama ba mai taɓa tafkin sai sarki ko tindana, wato mai riƙe da al'adun ƙasa, ya sa rana. Ranar kowa ya fito da kwando ko ƙaramar koma, wasu da hannu kawai suke lalubo tarwaɗa cikin taɓo. Bahaushe ya san irin wannan a Argungu, inda ake hana su a Matan Fada har ranar bikin da aka fara a 1934. Yini ɗaya ko biyu ake kwasa, sauran shekara kifi na hutawa, kuma wannan hutu shi ne jarin da ake ci.

Madatsu suka sauya lissafin. An kammala ta Akosombo a 1965, Tafkin Volta ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500, masuntan Ewe na Tongu suka bi sabon ruwa suka hauro arewa, Yeji da Buipe suka zama matattarar kifi. A 1972 gwamnatin Acheampong ta kawo shirin ciyar da kai, aka kafa hukumar noman rani a 1977, aka gina Bontanga tsakanin 1978 da 1983. Shinkafa da kayan lambu ake nufi, kamar yadda noman rani aka nufa da Tiga a Kano a 1974. Amma inda aka tare ruwa mai faɗin hekta 770 ko kusa, kifi ba ya jiran izini. Karfasa ta hayayyafa, tarwaɗa da kurungu suka yi yawa, baƙin masunta suka iso da kwalekwale da kalli da birgi, 'yan ƙasa suka gani suka koya. A shimfiɗa kalli da la'asar, a janye shi da asuba, mata na tsaye a gaɓa da robobi. Wanda bai sami shiga kasuwa ɗanye ba a kankare shi, a naɗe tarwaɗa kai da wutsiya, a jera kan waya bisa murhun laka a banɗe. Alheri ne babba ga gidan da nama ya fi ƙarfinsa.

Sai dai ruwan da ba ya ƙafewa ba shi da ranar hutu. Tun da ana shiga kullum, manyan kifi suka fara ƙaranci, mai koma ya rage idonta don kada ya koma gida hannu rabbana, ƙananan da ba su taɓa yin ƙwai ba suka shiga ciki. Namijin karfasa a gefen ruwa marar zurfi yake haƙa gurbi, macen kuma a bakinta take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe. Taru ɗaya da aka ja a irin wannan wuri yakan share gurbin, ya fito da uwa da 'ya'yanta. Ga noma har bakin gaɓa, wanda ke tura laka cikin madatsa duk damina, ruwa ya gurɓace, zurfi ya ragu.

Wani zai ce ai akwai doka. Gaskiya ne, dokar kifi ta 2002 ta haramta guba da nakiya, amma jami'in da ke zaune a Tamale ba ya bakin ruwa da asuba. Wani zai ɗora laifi kan baƙi, wannan kuwa zalunci ne, domin su suka kawo gwanintar, kuma ɗan ƙasa ma yana jan taru. Hujja mafi nauyi ita ce ta talauci: mutumin da abincin yau ke cikin komarsa, ta yaya za a ce ya dakata? Ba na raina wannan magana. Amma ba a neman rufe madatsa ɗungurungum. Abin da ake nema shi ne a keɓe mashigar rafi da gefuna marasa zurfi a farkon damina, lokacin da kifi ke ƙwai, yawancin 'yan ƙasa kuma suna gona. Gana ta gwada irinsa a teku, inda ta dakatar da masu kwalekwale na wata guda a 2019. A madatsa abin ya fi sauƙi, domin kowa ya san kowa. Sarakunan Kumbungu da Voggu na kewayen Bontanga da tindanoni su sa rana kamar yadda magabatansu ke yi wa tafkuna, a zauna da shugabannin masunta baƙi da 'yan gida, a shigo da mata masu saye, tun da kifin da suka ƙi karɓa a gaɓa ba shi da wata hanyar zuwa kasuwar Aboabo ta Tamale.