Daga Alƙalamin Tolkien Zuwa Majigi: Tarihin Fim Ɗin The Lord of the Rings

A shekarar 1937 wani malamin harsuna a Jami'ar Oxford da ke Ingila, J. R. R. Tolkien, ya fitar da littafin yara mai suna The Hobbit. Littafin ya karɓu, har maɗaba'ar George Allen & Unwin ta nemi ya rubuta ci gabansa. Rubutun ya ɗauke shi kimanin shekara 12, kuma bai fito ba sai tsakanin 1954 da 1955, cikin juzu'i uku, da sunan The Lord of the Rings. Labarin wani zoben sihiri ne da ke ɓata zuciyar duk wanda ya mallake shi, da wani ɗan ƙanƙanin taliki, Frodo, wanda aka ɗora wa nauyin kai zoben ya jefa shi cikin dutsen wutar da aka ƙera shi a ciki.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi shi ne, Tolkien ya fara ƙirƙirar harsuna kafin labarin. Ya gina Quenya da tasirin harshen Finlan, Sindarin kuwa da tasirin harshen Wales, sannan ya ƙaga al'ummomin da za su yi magana da su, da tarihinsu da waƙoƙinsu. Wannan ya sa mayar da littafin fim ya yi wuya, domin majigi hoto yake nunawa, alhali ƙashin bayan littafin harshe ne.

A 1969 Tolkien ya sayar wa kamfanin United Artists haƙƙin yin fim, ya kuma rasu a 1973 ba tare da an yi ba. A 1978 Ralph Bakshi ya fitar da na zane, amma ya tsaya a wajen rabin labarin. Daga nan aka daɗe ana ganin littafin ya fi ƙarfin majigi, har Peter Jackson, ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya tunkari aikin. Kamfanin Miramax ya nemi a dunƙule labarin a fim guda. Jackson bai yarda ba, sai ya nufi New Line Cinema, wanda a 1998 ya amince a yi uku.

Kasada ce babba, domin an ɗauki duka ukun a lokaci guda a Niyu Zilan, daga Oktoban 1999 zuwa Disamban 2000. Da na farko ya faɗi a kasuwa, da kuɗin sauran biyun sun bi ruwa. Aka fitar da su a 2001 da 2002 da 2003, suka samu kuɗin da ya kusa dala biliyan 3. Na ukun, The Return of the King, ya lashe kyautar Oscar 11 a 2004, adadin da Ben-Hur da Titanic kaɗai suka taɓa kai wa.

Nasarar ba ta zo kyauta ba. An cire Tom Bombadil gaba ɗaya, an kuma cire babin da Frodo da abokansa suka koma gida suka tarar azzalumai sun lalata ƙasarsu. Wannan babi shi ke nuna cewa yaƙi ba ya barin gidan kowa yadda ya same shi, kuma rashinsa ya sauƙaƙa ƙarshen labarin. A 2012 ɗan marubucin, Christopher Tolkien, ya shaida wa jaridar Le Monde ta Faransa cewa an mayar da aikin mahaifinsa fim ɗin faɗace-faɗace na matasa.

Duk da haka, masu fim ɗin ba su yar da harshen ba. Sun ɗauki masanin harshe David Salo ya tsara zantuka cikin harsunan Tolkien, miliyoyin mutane suka ji su da kunnuwansu a karon farko, da yawa kuma suka koma neman littafin.