Cajar batirin injinan aiki: Yadda ake amfani da ita da gano matsalarta

Injinan aiki masu amfani da batir, irin su injin huda da na ɗaure noti da na yankan ƙarfe, sun samu gindin zama a hannun kafintoci da masu haɗa tagogin alminiyam da masu kafa sola a Gusau da garuruwan da ke kewaye da ita. Dalili kuwa shi ne, ma'aikacin da aka kira aiki a sabon gini a Tsafe ko Bunguɗu ba shi da tabbacin zai tarar da wuta a wurin. Sai dai rayuwar irin wannan injin ta rataya ne a wuyan caja. Ranar da ta ƙi aiki, aikin yini ya tsaya. Sau da yawa kuma akan yar da caja mai lafiya a sayi sabuwa, alhali laifin na wuta ne, ko zafi, ko ƙura, ko batirin kansa.

Yadda caja take aiki

Mafi yawan baturan injinan yau na litiyam ne, nau'in da kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. A cikin kowane batir akwai ƙananan ƙwayoyi da aka jera, kowacce tana ba da ƙarfin wuta bolt 3.6. Batirin da aka rubuta wa 18V ƙwayoyi biyar ne a jere. Wanda aka rubuta wa 20V Max shi ma biyar ɗin ne, an dai auna shi ne a lokacin da yake cike, don haka bai fi ɗan uwansa ƙarfi ba. Lamba ta biyu, mai ɗauke da Ah, ita ke nuna yawan wutar da batirin yake iya riƙewa. Cajar da aka rubuta wa 2A takan cika batir mai 2.0Ah a cikin kimanin awa ɗaya, mai 4.0Ah kuma a cikin kimanin awa biyu.

Caja takan fara da tura wuta da ƙarfi, sannan ta riƙa sassautawa yayin da batirin ya kusa cika, daga nan ta tsaya da kanta. Ban da bakin ƙarfe biyu da wuta ke bi, akwai wasu ƙananan bakuna da caja ke jin zafin batir da lafiyarsa ta cikinsu. Idan ta ji abin da bai yi mata ba, sai ta ƙi caji. Wannan ƙin tsaro ne da aka gina mata domin kauce wa gobara, kuma shi ne mutane da dama ke ɗauka lalacewa ce.

Wutar da ta dace da ita

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba ta a Zamfara, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi. Kafin a jona kowace caja, a karanta rubutun da ke ƙasanta. Idan an ga 220-240V ko 100-240V, ta dace. Idan kuwa 120V kaɗai aka rubuta, to ta kasuwar Amurka ce, kuma jona ta kai-tsaye zai ƙona ta nan take. Irin wannan ta fi yawa a cikin kayan gwanjo, kuma ba ta aiki a nan sai da ƙaramar tiransifoma mai rage ƙarfin wuta.

Idan an ɗauke wuta, a zare caja daga bango, domin wutar da aka maido takan zo da ƙarfi fiye da kima. Mai amfani da janareta ya bari injin ya tashi ya daidaita kafin ya jona caja, ya kuma zare ta kafin ya kashe shi. Kada a haɗa ta a janareta ɗaya da injin walda, saboda hawa da saukar wutar da walda ke jawowa. Masu sola kuma su sani cewa wasu cajoji ba sa jure wutar inbata mai araha wadda ba ta fita sumul. Sukan yi zafi ko su riƙa ƙara.

Zafi da ƙura

Batirin litiyam ba ya son caji idan zafinsa ya haura kimanin digiri 45 a ma'aunin Salshiyas. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Gusau yakan kai digiri 40 har ya wuce, cikin shagon kwano ko but ɗin mota kuwa ya fi haka. Batirin da aka cire daga inji bayan aiki mai nauyi, ko wanda ya sha rana a kan hanyar dawowa daga Tsafe, da wuya caja ta karɓe shi nan da nan. Maganin shi ne a ajiye shi a inuwa na kamar rabin awa. Kada a sa shi a firji ko a yayyafa masa ruwa.

Da hunturu, ƙura kan toshe ramukan shan iska na caja, ta kuma rufe bakunan ƙarfe. A zare caja daga wuta, a share ta da busasshen buroshi, a goge bakunan da busasshen ƙyalle. A wurin masu walda, garin ƙarfe ya fi ƙura haɗari, domin yana iya haɗa wuta a cikin cajar. Da damina kuma a ɗaga ta daga ƙasa, nesa da yoyon rufi.

Matakan gano matsala

Ma'anar fitilun caja ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Abin da jar fitila ke nufi a Makita ba lallai ne ya zama shi take nufi a Bosch ko DeWalt ko Ingco ba. Yawanci akan zana ma'anar kowace alama a jikin cajar, kuma can ya kamata a fara dubawa. Daga nan sai a bi wannan tsari:

1. Idan babu fitilar da ta kama, a gwada soket ɗin da wani abu, a duba waya ko ta yanke, sannan a duba fis ɗin da ke cikin filogi mai baki uku. Fis kaɗai kan sa a zaci caja ta mutu.

2. Idan fitila ta kama amma caji bai fara ba, a cire batir, a goge bakunan, a mayar da shi har sai ya zauna daram.

3. Idan ta nuna alamar zafi, a jira. Cajoji da yawa kan ci gaba da kansu da zarar batirin ya huce.

4. Idan ta nuna alamar lalacewa, a yi musaya: a sa wani batir mai lafiya a wannan caja, a kuma kai batirin da ake zargi ga wata caja irinta. Wannan gwaji shi ke raba gardama tsakanin caja da batir.

5. Idan caja ta nuna cika cikin 'yan mintuna amma injin ya mutu da wuri, batirin ne ya tsufa.

6. Idan an ji ƙauri, ko an ga hayaƙi ko narkewar roba, a zare ta nan take, kada a sake jona ta.

Abubuwan da ba a yi

Batirin da aka bari ya ƙare ƙarƙaf na tsawon watanni, caja takan ƙi shi. Wasu kan yi masa dabarar tayar da shi ta hanyar haɗa shi da wani batir da waya, ko da cajar batirin mota. Wannan kasada ce, domin ƙwayar da ta lalace daga ciki tana iya kama wuta ana cikin caji ko bayansa. Haka nan tsohuwar cajar da aka yi domin batirin Ni-Cd ba ta dace da na litiyam ba. Buɗe caja kuma aikin ƙwararren mai gyara ne, saboda akwai wani sashi a cikinta da ke riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an zare ta daga bango.

Saye da ajiya

Kowane kamfani da irin mazaunin batirinsa, don haka mai saye ya tafi kasuwa da batirinsa a gwada a gabansa. Jabun caja takan yi sakayau a hannu, rubutunta ya dushe, wata ma ba ta tsayawa idan batir ya cika. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ita ke da alhakin sa ido kan irin waɗannan kaya, amma ɗan kasuwar da ya ba da rasit da damar mayarwa shi ne kariyar farko ga mai saye.

Batirin da za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, a ajiye shi da kimanin rabin caji a wuri mai sanyi, nesa da ƙusoshi da makullai da za su iya haɗa bakunansa. Wanda ya kumbura ko ya tsage, a fitar da shi waje a ɗora a kan yashi, nesa da fetur, kuma kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa. Abin da ya fi kome muhimmanci ga masu shaguna shi ne kada a kulle shago a bar batir a kan caja, da fatan za a kawo wuta cikin dare. A kasuwar da shaguna ke manne da juna, gobarar da ta tashi daga caja ɗaya ba a shago ɗaya take tsayawa ba.