Baƙi da Kasuwar Awaki a Amurka

Kafin 1965, galibin mutanen Amurka ba su ɗauki akuya a bakin kome ba sai dabbar gashi da madara, in ban da 'yan asalin Meksiko mazauna Teksas. A wannan shekara ce aka sake dokar shigar baƙi, jama'a suka yi ta kwarara daga Asiya da Afirka da tsibiran Karebiyan, kowa da irin cimarsa. Sannu a hankali bukata ta zarce kiwo, har aka koma sayo daskararren nama daga Ostareliya. A 1993 aka shigo da awakin Boer masu tsoka, 'yan asalin Afirka ta Kudu.

Sai dai mai awaki ashirin ba ya cika mota zuwa birni, don haka ribarsa takan ƙare a aljihun dillali. Wannan ya sa ƙananan makiyaya suka fara haɗa dabbobinsu wuri guda, su auna, su rarrabe su aji-aji, sa'an nan su sayar da baki ɗaya.

Aikin da ya fi wuya shi ne sanin mai saye. Girkawa suna neman ɗan akuya mai shan nono lokacin Ista. Mutanen Jamaika sun fi son gawurtaccen bunsuru. Musulmi kuwa, don layya, sai wadda ta cika shekara, marar aibu. Ga shi Babbar Salla tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, cikin akuya kuma wata 5 ne. Dole Kiristan makiyayi ya riƙa duba kalandar Hijira kafin ya saki bunsuru cikin garke.