Hanya ko Sabis? Makomar Cinikin Intanet a Talata Mafara, Bakura da Maradun

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a wurin wasu masu nazarin tattalin arzikin Arewa, cewa bunƙasar saye da sayarwa ta intanet magana ce ta yawan wayoyi da ƙarfin sabis. A lissafinsu, da zarar matasa sun riƙe manyan wayoyi, kamfanoni irin su Jumia da Konga, waɗanda suka soma a Legas a 2012, za su mamaye karkara. A ganina wannan lissafi bai zauna ba a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, balle a garuruwa irin su Ruwan Gizo.

Cinikin ya riga ya iso, sai dai ba ta ƙofar da suke tsaro ba. Matar aure tana ɗakinta za ta ɗora hoton atamfa ko turaren wuta a WhatsApp, mai so ya yi tiransifa ko ya je wurin mai POS, a aiko da kayan daga kasuwar Kantin Kwari da ke Kano ta hannun direban tasha. Sana'ar dillaliya ce ta da, waya ta hutar da ita yawon gida-gida, kuma sanayya ce jarinta har yanzu. Canjin kuɗi na farkon 2023 shi ya tura mutane da dama zuwa OPay da Moniepoint, ala tilas.

Hujja mafi ƙarfi da masu wancan ra'ayi suke da ita ita ce ta Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, harkoki suka tsaya. Ban raina wannan hujja ba, domin babu mai musun cewa in ba sabis ba ciniki. To amma a daidai wannan lokaci gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga. Ta yaya mai bincike zai ware asarar da rashin sabis ya jawo daga wadda rufe kasuwa ya jawo? Sa'annan sabis ya dawo, kwanciyar hankalin matafiyi kuwa ba ta dawo tare da shi ba. Hoto yana isa ƙauye cikin ƙiftawar ido, amma ƙunshin kaya sai an samu direban da ya yarda ya bi hanyar. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ƙara wa kuɗin aike tsada, har yakan cinye ribar ƙaramin kaya.

A nan ya kamata in tsaya iya abin da hujja ta ba da dama. Biyan kuɗi ta waya da yin odar kaya marasa nauyi, kamar sutura da kayan kwalliya, da alama za su ci gaba da yaɗuwa, musamman a cikin garin Mafara da ke kan titin Gusau zuwa Sakkwato. Shinkafa da sauran amfanin noman rani na Bakolori kuwa, waɗanda su ne ainihin arzikin yankin, suna nan a hannun dillalai, domin mai saye yana son ya buɗe buhu ya gani, sau da yawa ma bashi ake bayarwa. Ke nan cinikin da ke bunƙasa na shigo da kaya ne, kuɗin kuma Kano suke tafiya.

Don haka yawan masu waya ba ma'auni ba ne a wannan yanki. Matuƙar manomin Bakura ko Maradun bai iya fitar da buhunsa lafiya ba, abin da za a samu ƙarin masu saye ne kawai, ba masu sayarwa ba.