Kada da Fataucinmu: Daga Kogin Kaduna Zuwa Sabon Ibadan

In ana tarihin Sabo, shanu da goro ake fara ambata, kuma gaskiya ne, su suka riƙe unguwar nan tun da aka kafa ta a 1916. Amma akwai wata haja ta uku da ba a cika tunawa da ita ba, wato fata, musamman fatar kada. Ta ciyar da gidaje a nan, ta kuma bar mana wani bashi da ya kamata matasanmu su san da shi.

Mu fara daga gida. A da, kada ba baƙo ba ne a kogunan Arewa. Sunan Kaduna kansa, a ruwayar da ta fi shahara, jam'in kada ne, saboda yawansu a kogin da Lugga ya zaɓa ya mai da hedikwatar Arewa bakinsa daga Zungeru a 1917. A Argungu, har gobe ba a faɗa wa Matan Fada ranar bikin kamun kifi sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma cikin aikinsa na gado har da kawar da kadoji daga hanyar masunta. Kun ga kenan, kakanninmu sun san ba a gaba da kada a cikin ruwa, sai suka nemi hanyar zama da shi.

Abin ya canja bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kasuwannin Turai da Amurka suka buɗe baki suna neman jaka da takalmi da bel na fatar kada. A shekarun 1950 da 1960 aka yi wa kadojin Afirka kisan da ba a taɓa yi ba. Maharba su bi kogi da dare da fitila, don idon kada na ƙyalli in haske ya doke shi, su harbe, su feɗe. Majema su jeme, dukawa su ɗinka, fatake su ɗauko zuwa Kurmi. Dattawanmu na tuna yadda ɗan koli ke shimfiɗa kayansa a ƙofar otal ko a unguwar Turawa, a nan Ibadan da Ikko, jakar kada na kan gaba. Ba mu ne muka ƙirƙiro kasuwar ba, amma ta hannunmu kayan suka bi.

To me ya sa kada bai farfaɗo da wuri ba, alhali macen na zuba ƙwai gommai a lokaci guda? Amsar na cikin halittarsa. Kada kan kai wajen shekara goma kafin ya fara haihuwa. Macen ta haƙa rami a yashin bakin ruwa, ta binne ƙwan, ta yi gadinsu kusan wata uku. Ɗumin ramin ne ma ke yanke ko namiji za a ƙyanƙyashe ko mace. In 'ya'yan suka fara kuka daga cikin ƙwai, sai ta tone su, ta ɗebe su a bakinta zuwa ruwa. Duk da haka guza da tsuntsaye da manyan kifaye na cinye mafi yawansu. Maharbi kuwa babban yake nema, don faɗin fatarsa. Ya kashe uwa ɗaya, ya kashe ramin ƙwai na bana da na shekaru masu zuwa.

Ganin haka ƙasashe suka rattaba hannu kan yarjejeniyar CITES a Amurka a 1973, ta fara aiki a 1975, Najeriya na ciki. A 1985 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 11, wadda ta sa kada cikin namun dajin da aka tsare daga farauta da fatauci, aka kuma ƙara tsananta tararta a 2016. Sai dai doka a takarda daban, kasuwa daban.

Iri uku gare mu a ƙasar nan. Akwai babban da muka sani a Arewa, wanda aka daɗe ana ɗauka kadan Kogin Nilu ne, sai binciken jini a 2011 ya tabbatar jinsi ne mai zaman kansa na Afirka ta Yamma, kuma bai kai na Nilu faɗa ba. Akwai mai siririn baki, mai cin kifi, wanda ke gab da ƙarewa. Sai ɗan guntun nan na fadamun Kurmi, wanda ake ɗaure wa baki da ƙafafu a kai shi kasuwa da rai, a matsayin naman daji.

Maƙwabtanmu ma na da nasu tarihin. A unguwar Oje, gidan Delesolu ya riƙe kada ɗaya da masu gidan suka ce tun 1940 yake wurin, jama'a na zuwa kallonsa, har ya mutu a 2024. 'Yan uwanmu masu zuwa Gana kuwa sun san Paga, inda kadoji ke zaune a tafki cikin gari ba mai taɓa su.

Yau yaron Sabo in yana son ganin kada sai a biya masa kuɗin shiga gidan namun daji na Jami'ar Ibadan. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ciniki. Duk wanda aka kawo wa fata, ko kai, ko haƙorin kada, ko don jaka ko don magani, ya sani haja ce da doka ta hana, kuma in aka kama ta a tashar jirgi ko kan iyaka, uwar kuɗi da mutunci ne za su tafi tare. Dukawanmu na da fatar akuya da ta saniya, ai da jar fatar akuyar Sakkwato aka san mu a duniya tun kafin a fara wannan. Muna roƙon shugabannin 'yan koli da na masu maganin gargajiya su zauna su tsai da magana ɗaya a kai. In mai saye ya janye hannu, maharbi ma zai rataye fitilarsa.

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amanar abin da Ya halitta, amin.