Faifai Biyu a Kwali Ɗaya: Yadda Finafinan Hausa Suka Sauya Mazubi Sau Uku Babu Gada

A farkon shekarun 2010, masu sha'awar anime a Amurka, wato finafinan zane masu motsi na ƙasar Japan, sun shiga wata muhawara wadda in mutumin Gummi ko Anka ya ji ta zai ɗauka rigimar masu ƙoshi ce. Kamfanonin da ke sayar musu da finafinan, musamman Funimation na jihar Texas, sun fara haɗa faifai iri biyu cikin kwali ɗaya: DVD mai hoto na yau da kullum, da Blu-ray mai hoto tangaram. Fim ɗaya ne a kan kowanne, kuɗi kuma ɗaya. Wasu suka yi murna, wasu suka ce an tilasta musu sayen abin da ba sa buƙata.

Wannan muhawara ba ta taɓa isowa ƙasar Hausa ba, domin Blu-ray bai taɓa kafa kasuwa a nan ba. Amma tambayar da ke ƙarƙashinta ta shafi Hausawa fiye da waɗanda suka yi ta: idan mazubin fim ya sauya, me ke samun wanda ke riƙe da tsohuwar na'ura, me kuma ke samun finafinan da ke cikin tsohon mazubi? Masana'antar finafinan Hausa ta sauya mazubi sau uku cikin shekara kamar ashirin da biyar, kuma a kowane sauyi akwai abin da ya zube a hanya.

Abin da ake gardama a kai

Bambancin faifan yana cikin yawan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto. Faifan VCD, wanda kamfanonin Sony da Philips da Matsushita da JVC suka amince da tsarinsa a 1993, yana ɗaukar ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye a irin talabijin da ake amfani da ita a Nijeriya. DVD, wanda ya fito a Japan a 1996, yana ɗaukar 720 da 576, kusan ninki huɗu ke nan. Blu-ray na 2006 yana ɗaukar 1920 da 1080, ninki biyar na DVD, ninki ashirin na VCD. Sai da Blu-ray ya yi kokawa da HD DVD na kamfanin Toshiba kafin ya samu fili, har Toshiba ya janye a watan Fabrairun 2008. A ƙarshen wannan shekara kamfanin Disney ya fara cusa faifan DVD cikin kwalin Blu-ray, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Dalilin kamfanonin a fili yake. Yawancin gidaje suna da na'urar DVD, kaɗan ne suka sayi ta Blu-ray da talabijin da za ta nuna amfaninta. Buga kaya iri biyu da neman musu wuri biyu a kanti asara ce ga kasuwa ƙarama irin ta anime. Kwali ɗaya ya wadatar da kowa: mai tsohuwar na'ura ya kalli DVD yau, ranar da ya sayi sabuwa kuma ba sai ya sake sayen fim ɗin ba. Masu ƙorafi su ma suna da hujja. Wanda DVD kawai yake so ya ga farashi ya hau, wanda ya riga ya koma Blu-ray kuma ya ga an lafta masa faifan da ba zai taɓa sakawa ba.

Akwai wani ƙorafin da ya fi waɗannan zurfi. Masu kallo sun lura cewa wasu tsofaffin finafinan da aka zana da hannu aka ɗauka a kan zaren fim irin na silima sun fito fes a Blu-ray, domin zaren yana riƙe da hoto mai yawa wanda tsofaffin na'urori ba su iya nunawa. Waɗanda aka haɗa a kwamfuta a farkon shekarun 2000 kuwa, an ƙera su ne a kan ƙaramin ma'auni tun asali, don haka da aka buɗa su sai suka fito dishi-dishi. Sabon faifai ba ya ƙara wa fim abin da babu shi a cikin uwar kwafinsa, wadda 'yan fim ke kira masta. Tarihin fim ɗin Hausa ya tsaya a kan wannan gaɓa.

Zamanin kaset da cinikin kwali

Kaset ɗin VHS, wanda JVC ya fitar a 1976, shi ne mazubin farko. Kafin a fara fim ɗin Hausa na bidiyo, 'yan kasuwar Kano sun riga sun ƙware wajen kwafar finafinan Indiya da na Amurka da na Sin, kuma Kasuwar Ƙofar Wambai ce cibiyarsu. Masanin nan Brian Larkin ya bayyana wannan harka a littafinsa na 2008, Signal and Noise, inda ya nuna cewa hanyar da kayan satar fasaha suka share ita ce finafinan gida suka bi daga baya. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, akwai na'urorin kwafa da dillalai da masu kai kaya garuruwa suna jira.

Tsarin cinikin yana da ban mamaki. Furodusa yakan miƙa masta ga 'yan kasuwa, ya buga kwalaye masu hoton jarumai, ya sayar musu da kwalin. Su ne za su sayi kaset fanko su kwafa. Ke nan kwali ne shaidar cewa kaset na halal ne, kuma daga kwali furodusa ke cin abinci. Matsalar kaset ita ce kowane kwafi yana raunana hoto da sauti. Kaset ɗin da ya bar Kano ya bi ta Gusau ko Sakkwato ya isa shagon haya a Gummi ko Bukkuyum, ya shiga gida ashirin cikin ƙura da zafi, ba shi ne abin da darakta ya gani a ɗakin tace hoto ba. Mutanen da ke ƙarshen hanya su ne suka fi kowa kallon hoto mai yayyafi, kuma ba su fasa kallo ba, domin labari da waƙa suka zo nema.

Ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2000 a ƙarƙashin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ta zo da rufe gidajen silima. A Kano ma an dakatar da harkar fim a ƙarshen wannan shekara, kafin a kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Kallo ya ƙara komawa cikin gida, inda dama mata ne manyan masu kallon fim ɗin Hausa. A wannan zamani ne Sangaya da Wasila suka cika gari, sunan Kannywood da mujallar Tauraruwa ta raɗa ya fara kama bakin mutane.

Faifai ya zo, kaset ya tafi

A cikin shekarun 2000 na'urorin VCD masu araha daga ƙasar Sin suka mamaye kasuwa. A Amurka da Turai VCD bai yi tasiri ba, domin hotonsa bai fi na kaset ba. A Asiya da Afirka kuwa ya samu karɓuwa saboda wasu dalilai: faifan ya fi kaset araha, ba shi da nauyi, ba ya tsinkewa a cikin na'ura, kuma kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Faifai ɗaya ba ya wuce minti saba'in da 'yan kai, abin da ya yi daidai da al'adar raba fim zuwa kashi na ɗaya da na biyu.

Babu wanda ya haɗa kaset da faifai a kwali ɗaya, kuma babu wanda ya ɗauki nauyin mayar da duk tsofaffin finafinai kan sabon mazubi. Fim ɗin da ɗan kasuwa ya ga zai sake kawo kuɗi shi aka juya, sau da yawa daga kaset ɗin da ya riga ya gaji. Saura suka zauna a kwali a bayan shago har gara da damina suka gama da su. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016, don haka ko kaset ɗin ya tsira, abin kunna shi yana ƙarewa.

DVD da ya biyo baya ya shigo da wata fuska dabam. A ƙasashen da aka ƙirƙiro shi, an yi amfani da faɗin cikinsa don kyautata hoton fim ɗaya. A kasuwannin Nijeriya an yi amfani da faɗin don cusa fim goma ko ashirin a faifai ɗaya, kowanne an matse shi har hotonsa ya koma na VCD ko ƙasa da haka. Ta wannan hanya ce yara da dama suka haɗu da Naruto da Dragon Ball, kamar yadda iyayensu suka san Voltron a tashar NTA ba tare da sanin cewa asalinsa zanen Japan ne ba. Mai saye ya zaɓi yawa a kan kyan hoto, kuma lissafinsa daidai ne. Talabijin ɗinsa mai ƙusumbi ce, wutar lantarki ba ta da tabbas, man janareta kuɗi ne. Blu-ray yana buƙatar sabuwar na'ura da sabuwar talabijin da faifai mai tsada wanda kwafarsa ke da wuya. Babu ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan da ya cika a Anka, balle a ƙauye irin Yargalma.

Daga faifai zuwa mimori

Abin da ya kashe faifai a Arewa ƙaramin kati ne da bai kai farcen yatsa ba. Da wayoyin hannu masu nuna bidiyo suka yawaita a shekarun 2010, sai shagunan tura finafinai suka bayyana a kowace tasha da kasuwa: saurayi da kwamfuta da janareta ko farantin sola, yana tura fim a mimori a kan kuɗi kaɗan. Finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, waɗanda kamfanin Algaita ya yi fice a kansu, sun bi wannan hanya suka ƙwace kaso mai yawa na masu kallo. Babu kwali a wannan ciniki, saboda haka babu abin da furodusa zai sayar. Kasuwar faifai ta durƙushe, masu shirya fim suka koma tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, da kuma YouTube, inda dogayen shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina suka samu miliyoyin masu kallo.

Yau ana ɗaukar fim ɗin Hausa da kyamarori masu hoto tangaram, amma mafi yawan masu kallo suna ganinsa a fuskar waya, an matse shi don kada ya cinye data ko ya cika mimori. Kyan hoto ya iso wurin mai ɗauka, bai iso wurin mai kallo ba.

Watan Satumban 2021 ya nuna darajar abin da ke hannu. Saboda matsalar 'yan bindiga, an katse layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, wasu yankunan suka shafe fiye da wata biyu babu sabis. A wannan lokaci YouTube ba shi da amfani ga mutumin Bukkuyum. Abin da ke cikin mimorinsa ko tsohon faifansa shi ne nasa. Masu sha'awar anime a Amurka sun koyi irin wannan darasi ta wata hanya. Funimation yakan haɗa wa mai sayen faifai da lambar kallon fim ɗin a intanet. Da aka narkar da kamfanin cikin Crunchyroll aka rufe manhajarsa a watan Afrilun 2024, waɗannan kwafi na intanet ba su bi masu su zuwa sabon gida ba. Wanda ya adana faifansa shi ya tsira da fim ɗinsa.

Abin da ya rage a ceta

A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a kan zaren fim na silima. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018. Fim ɗin da ya girmi Turmin Danya da shekara goma sha huɗu yana iya fitowa a babban allo garau, alhali finafinan da aka ɗauka a kaset a shekarun 1990 ba za su taɓa wuce ma'aunin da aka ɗauke su a kai ba. Iyakar abin da za a yi musu shi ne a samo kwafin da ya fi kusa da masta, a juye shi a kwamfuta ba tare da matsewa ba, a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Asarar ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. A cikin waɗannan kaset akwai karin harshen Kano da na Sakkwato na wancan lokaci, da sutura da adon ɗaki da tsarin biki, da titunan da aka rushe, da muryoyin jaruman da suka riga mu gidan gaskiya. Mai nazarin tarihin zaman Hausawa na ƙarshen ƙarni na ashirin ba zai sami madubin da ya kai su ba.

Akwai wuraren da aikin ya dace da su: ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos, da Gidan Arewa a Kaduna, da jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo. Amma kayan ba a hannunsu suke ba. Suna cikin akwatunan tsofaffin furodusoshi da magadansu, da shagunan Ƙofar Wambai da suka koma sayar da kayan waya, da ɗakunan tsofaffin masu hayar kaset a garuruwa irin su Gummi da Anka, inda wani lokaci kwafin ƙarshe na fim ke maƙalewa bayan an manta da shi a Kano. Kaset yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, na'urorin kunna shi kuma ba a ƙera sababbi. Duk wanda ke da irin wannan akwati a gida, ko ya san inda yake, yana riƙe da abin da watakila babu na biyunsa, kuma shekarun da suka rage a juye shi ba su da yawa.