Wankin matashin kai da ya dafe

Mutumin da ke barcin awa 8 kowane dare, kansa yana shafe awa 2920 a shekara bisa matashi. Babu rigar da ke daɗewa haka a jikin mutum ba a wanke ta ba. Amma a gidaje da yawa rigar matashin kaɗai ake wankewa, shi kuwa matashin sai ya shekara biyu ko uku ba a kula da shi ba, har ya dafe ya koma launin ɗorawa. Ga yadda za ku tsabtace shi da hannu, da kayan da ke cikin gida, ba tare da kun ɓata shi ba.

Mi ke sa matashi ya dafe?

Abu na farko shi ne zufa. Da bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, kuma jiki ba ya daina zufa ko cikin dare. Sai kuma maiƙon fatar kai, da man kitso, da miyau. Dukkansu suna ratsa rigar matashi su shige ciki. Idan maiƙon ya daɗe yana shan iska, sai launinsa ya juya.

Matsalar ba ta tsaya ga munin gani ba. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, tsawonsu bai kai rabin milimita ba, masu zama cikin matasai da katifu suna cin ɓurɓushin fatar mutum. Kashinsu yana tayar da atishawa da ƙaiƙayin ido, yana kuma tsananta ciwon masu fuka. Sun fi yawa a lokacin damana, saboda laima suke so.

Ku fara sanin abin da ke ciki

Ba kowane matashi ne ake tsomawa cikin ruwa ba. Kafin komi, ku taɓa ku ji, ko ku ɗan farke bakinsa ku duba.

Na audugar rimi da na kaɗa: kada ku jiƙa abin da ke ciki. Kaɗa tana shan ruwa ta dunƙule, ta daɗe ba ta bushe ba. Audugar rimi kuwa tana kakkaryewa idan an cuɗa ta. Ku farke ɗinki, ku juye audugar cikin wani siririn zane ko tsohon sange, ku ɗaure, ku sa a rana yini ɗaya ko biyu kuna juyawa. Ku rufe hanci lokacin juyewa, ku kuma nisanta ta da murhu, domin audugar rimi tana kama wuta nan take. Buhun matashin, wato ƙyallen da aka ɗinke audugar a ciki, shi kaɗai za ku wanke.

Na farar audugar roba, irin ta kanti: shi ana iya wanke shi duka.

Na soso: ana wanke shi da ruwan ɗumi da sabuni kaɗan, ta hanyar dannawa a hankali. Ba a murɗa shi, ba a zuba masa ruwan zafi, kuma a inuwa mai iska ake shanya shi, domin rana tana sa shi ya rududduge. Ku sani soso yana canza launi da kansa idan ya tsufa. Wannan launin ba dauɗa ba ce, wanki ba ya fitar da shi.

Na fata: a goge shi da ƙyalle mai ɗan laima kawai.

Yadda ake wankin

Ku tanadi babban daro, sabuni ko omo, farar kanwa, lemun tsami 2, da sanda mai tsabta. Waɗannan matakai na buhun matashi ne da matashin audugar roba.

1. Ku kakkaɓe ƙura sosai a waje.

2. Ku jiƙa cikin ruwan sanyi kamar minti 30. Kada ku fara da ruwan zafi: zafi yana dafa tabon miyau da na jini kamar yadda yake dafa ƙwai, sai ya kama zare ya ƙi fita.

3. Ku narkar da farar kanwa cokali 2 manya cikin ruwan ɗumi lita 10, ku tace da ƙyalle saboda ƙasar da ke cikinta. Ku ƙara sabuni, ku jiƙa awa 1 zuwa 2. Kanwa ce ke sassauta maiƙo har ya rabu da zare. Kada ku yi amfani da jar kanwa, tana iya barin nata tabon.

4. Ku shafa sabuni a inda ya fi dafewa, ku cuɗa. Idan matashin duka ne, ku riƙa danna shi da tafin hannu yadda ruwa zai shiga ya fita.

5. Ku haɗa tafasasshen ruwa da ruwan randa rabi da rabi. Zafinsa zai kai kamar digiri 60, wanda ke kashe waɗancan ƙwari, da ƙwarƙwata da kuɗin cizo. Ku tsoma da sanda, ku rufe daron minti 20. Ku kawar da yara daga wurin.

6. Ku ɗauraye har kumfa ta ƙare, ko da sau 3 ne. Sauran sabuni a cikin zare yana kama ƙura, shi ma yana sa dafewa. A ruwan ƙarshe ku matsa lemun tsami. Yana kawar da sauran kanwa.

7. Ku matse ta hanyar dannawa, kada ku murɗa.

Ruwan da ke da kanwa kada ku zuba shi gindin shuka, gishirinsa yana ɓata ƙasa. Ku yayyafa shi a tsakar gida ya kwantar da ƙura.

Hattara da ruwan jabel

Mutane da yawa suna zaton jabel ne maganin kowane tabo. A tabon zufa sau da yawa yakan ƙara masa duhu ne, kuma yana cin zare. Abin da ya fi haɗari: idan jabel ya haɗu da lemun tsami ko wani abu mai tsami, yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. Idan kun sa ɗaya, kada ku sa ɗayan.

Shanya ita ce rabin aiki

Matashin da ya yi fari fes amma cikinsa na da laima ya fi wanda ba a wanke ba illa, domin fumfuna za ta fito a ciki, ku riƙa shaƙar ta duk dare. Saboda haka ku yi wankin da sassafe, ranar da gari ya yi garau. Ku kwantar da matashin bisa gadon ƙarfe ko igiya biyu don iska ta ratsa ƙasa da sama. Ku juya shi bayan kowace awa 2, ku bubbuga don audugar ta warware. Bayansa yakan bushe kafin cikinsa. Ku danna tsakiya da ƙarfi ku shinshina. In kun ji sanyi ko wari, ku ƙara masa yini guda. Sauri ya haifi nawa.

Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin damana, gara ku tsaya ga wanke riga da shanya matashi a rana. Da hunturu yana bushewa da wuri, sai dai ku lulluɓe shi da siririn zane saboda ƙura.

Don kada ya sake dafewa

Ku sa wa matashi riga biyu, ku wanke ta waje kowane mako. Wadda ta yi sabon kitso ko ta shafa mai ta ɗaura kallabi kafin ta kwanta. Kada a kwanta da jiƙaƙƙen kai. Ku fitar da matasai rana sau ɗaya a mako, ku yi babban wanki sau 2 a shekara: ƙarshen bazara kafin ruwa ya sauka, da kuma kaka bayan ya ɗauke.

Idan kun ga baƙaƙen ɗigo na fumfuna a cikin audugar, ko wari ya ƙi fita bayan wanki da shanya, to audugar ta gama aiki. Ku zubar da ita, ku cika wankakken buhun da sabuwa.